Bazarar da Na Jira Jinin Zomo a Magama

Bazarar bana ta zo da fushi. Ranar da na tafi Riko gaida Baba na tsaya a Magama, bakin boda, in sayi ƙanƙara in kai gida, sai na tarar da shaguna a jere, kowanne da farantin sola a kan rufi da firji yana gurnani a ciki. Matar da ta sayar mini ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta miƙo dunƙule biyu a leda kamar mai ba da gishiri. Na koma mota na ɗora ledar a cinya, sanyin ya ratsa zanena, sai na kasa murza makulli. Na daɗe zaune ina kallon motocin Maraɗi suna wucewa abinsu, ina tuna wata bazara da na yi azumi a wannan wurin da ƙanƙara a cinya, ba wanda ya san abin da nake jira sai ni.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar zafi, hukuma kuma ta rufe boda. Ni ina karatun digiri na uku a birni. Yayata Hinde ta dawo gidan Baba ta ɗan huta, bayan an binne ɗanta na huɗu a maƙabartar garinmu. Mu biyu ne wurin Baba, ita babba ni auta, Inna kuwa ta daɗe da rasuwa.

'Ya'yan Yaya Hinde duk hanya ɗaya suka bi. Yaro zai zo lafiya lau, ya yi zama, ya yi rarrafe, yana dosar tafiya sai jikinsa ya saki, wuya ya kasa ɗaukar kai, numfashi ya gajarta. Na huɗun sunansa Sa'adu, amma tsofaffin gidan mijinta suka laƙaba masa Ajuji, wai ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Ba ta raina shi ba. Bayan rasuwarsa ne aka taru aka yanke cewa nonon uwar ne ba shi da kyau. Aka sa ta tatsa a ƙoƙo, aka jefa tururuwa a ciki, tururuwa ta mutu, shi ke nan magana ta ƙare. Da na ji labarin haushi ya kama ni. Wace tururuwa ce za a jefa a ƙoƙon ruwa ta fito tana tafi? Amma faɗana bai amfani kowa ba, domin Yaya ta riga ta yarda cewa ita ta shayar da 'ya'yanta ajali.

Kafin Ajuji ya rasu na kai shi asibitin koyarwa. Likitoci suka yanki ɗan nama a cinyarsa don bincike, ba su gano komai da kayan da suke da su ba. Abin da ya rage, bai fi ƙwayar wake ba, mijin Yaya ya yarda aka ba ɗakin bincikenmu, muka ajiye a firjin nan mai tsananin sanyi.

Aikina a kan mitokondiriya ne. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da su, ƙananan murahu ne da ake ƙona abinci a ciki ya zama ƙarfi. Ba a zaune suke wuri ɗaya ba, kullum suna haɗewa suna rabuwa, wanda ya lalace ya jingina da mai lafiya ya gyaru. Akwai wani furotin da ke aikin haɗa su. In babu shi sai su farfashe, tsoka ta rasa ƙarfi. Zargina shi ne an haifi Ajuji babu wannan furotin. In haka ne kuwa, abin daga halitta yake, daga uwa da uba baki ɗaya, ba ruwan nono a ciki.

Sai dai furotin ba ya ganuwa da ido. Ana niƙa naman, a baza abin da ke cikinsa a kan wata farar takarda ta musamman, sannan a zuba wani ruwa da muke kira antibodi. Shi wannan ruwan furotin ɗaya tak ya sani a duniya, kamar yadda akuya ke gane ɗanta a cikin garke. In ya same shi sai ya manne masa, baƙin layi ya fito a takardar. In babu shi, wurin ya zauna fari. Daga jinin zomo ake samo shi, can ƙasashen Turawa, a 'yar kwalbar roba da ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma ba abin da ke kashe shi kamar zafi.

Da na yi wa Baba wannan bayanin, yana zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanya, sai ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Duk zomayen da ke cinye mani wake a gona ba su ishe ki ba, Auta, sai na Nasara? In kina so gobe in ɗana maki tarko."

Yaya Hinde ba ta yi dariya ba. Tana bakin ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni dai na ga tururuwa ta mutu da idona, Murja. Ke mi za ki nuna mani?"

"Takarda zan nuna miki, Yaya," na ce. "Gefe guda naman mai lafiya, ki ga baƙin layi. Gefe guda na Ajuji, ki ga babu. Ki gani da idonki."

"To, Allah ya kai mu," ta ce.

Wata ƙawata 'yar Nijar da muka yi karatu tare, Ramatu, ita ta samo mini ruwan a Faransa. Ta sauka da shi Yamai, ta kawo shi har Maraɗi cikin kula cike da ƙanƙara, ta danƙa wa wani tsohon direba, Isuhu, wanda gidansu suka daɗe suna ba wa saƙo. Daga Maraɗi zuwa Jibiya, in hanya a buɗe take, kafin wake ya dahu mutum ya iso. Shirinmu shi ne ya miƙo mini ta bakin shingen boda. Amma a makon ne aka ƙara tsananta rufewar, ko mai tafiya da ƙafa ba ya kusantar wurin. Wayar Isuhu ta daina shiga. Duk lokacin da na kira Ramatu amsa ɗaya ce, wai in kwantar da hankalina, Isuhu ba ya ɓatar da saƙo. Ga shi kuma shugaban sashenmu ya riga ya faɗa mana cewa man janareto ba zai wuce Salla ba, kowa ya san yadda zai yi da abin da ya ajiye a firji.

Haka kwanakin suka ɗauki tsari guda. Muna gama sahur da sallar asuba, ni da Yaya mu ɗauki tuluna mu nufi rijiya, domin in rana ta ɗaga ba mai iya jan guga da azumi a baki. Rijiyar ta yi ƙasa sosai a shekarar, igiya biyu aka ƙulla, mata uku-uku ke ja, guga ya fito da rabin ruwa rabin laka. Maza kuma suna can sharar gona, ana ƙone kara, ana kai taki a kan jakai tun da sauran sanyin safiya. Baba da tsufansa yakan bi su, ya dawo da hantsi leɓɓansa sun yi fari, ya kwanta a zaure da jiƙaƙƙen rawani a fuska. Rumbunmu ya kai ƙasa, sai an shiga ciki an duƙa ake ɗebo damin gero. Da yake boda a rufe take, duk abin da ke zuwa daga can ya yi wuya, 'yan dakon garinmu suka dawo gida suna zaman kashe wando. Kunun buɗa-baki ya yi ruwa-ruwa har kana hango gindin ƙoƙo, sai a cike ciki da kwaɗon zogale ko tafasa.

Matan unguwa sukan haɗu gidanmu da hantsi su yi daka tare, kowa da ɗan abin da ta kawo, ana wasa ana tsokana don a manta da ƙishi. Yaya na shigowa sai hirar ta canja. Na lura mai goyo takan gyara zama ta juya baya kafin ta ba ɗanta nono. Yaya ma ta lura, sai ta riƙa yin nata dakan ita kaɗai a bayan ɗaki.

Ni kuwa da na sauke tulu sai in hau mashin zuwa Jibiya. Akwai wani mai shago a bayan tasha da ke da janareto, wurinsa ake samun ƙanƙara, in ka yi latti 'yan buɗa-baki sun riga sun kama. In cika fulas ɗina, in naɗe shi da tawul, in wuce Magama in zauna ƙarƙashin wata darbejiya da ke kallon shingen.

Ban taɓa ganin wuri cike da mutane da ya kai wannan kaɗaici ba. Manyan motoci sun yi layi har inda ido ya gaza, albasa na ruɓewa a ciki, wari ya cika ko'ina. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin motocinsu suna kwance kamar marasa lafiya. Kwalta na tururi. Iska in ta taso sai ka ce daga bakin tanda ta fito. Ni kaɗai ce mace a wurin da ba talla take ba, ba bara take ba, don haka kowa ya rasa inda zai ajiye ni. Wasu suka ce mijina ne ya maƙale a can. Wasu suka ce 'yar leƙen asirin kwastan ce, in na matso sai su yi shiru. Sau ɗaya na gwada gaya wa wani dattijo gaskiya, na ce ruwan bincike nake jira. Ya ce, "Allah sarki, Allah ya ba shi lahiya," ya gyara kwanciya.

Wanda bai yi azumi da ƙanƙara a cinya ba bai san ƙishi ba. In azahar ta wuce sai in ji tana motsi a cikin fulas, tana narkewa, tana ƙara kaɗan-kaɗan duk lokacin da na gyara ƙafa. Harshena ya manne da ganɗa. In buɗe don in ga abin da ya rage, sanyin ya bugi fuskata, in yi maza in rufe ina istigfari. Da la'asar hadari kan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, direbobi su fito daga ƙarƙashin motoci suna kallon sama, sai iska ta zo ta watsa shi. In rana ta yi ja in tashi in koma Riko da ruwan sanyi a fulas. Baba ya zuba a ƙoƙo, ya kurɓa, ya miƙa wa Yaya, sauran a aika wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta da lafiya. Ba wanda ke tambayata ko saƙo ya iso. Fuskata ta riga ta faɗa.

Ɗaki ɗaya muke kwana da Yaya, amma ban san abin da ke zuciyarta ba, ita ma ba ta san tawa ba. Da muna yara ita ke goya ni zuwa rijiya, ita ke tauna mini rake. A wannan azumin kuwa hirarmu ba ta wuce "miƙo ludayi" da "an kira salla". Ina son in rungume ta in ce ba laifinta ba ne, amma na san abin da za ta ce, kuma hannuna ba komai.

An shiga goman ƙarshe, wata rana bayan la'asar, sai na ga wani tsoho dogo siriri yana tafe daga wajen gonaki, ba ta kan titi ba. Rigarsa ta yi ja da ƙasa, ƙafafunsa duk ƙaya ta karce. Yana tsayawa wurin kowace mota yana tambaya, ana nuno masa darbejiya. Na duba hannunsa na dama, na duba na hagu. Babu kula.

"Ke ce ɗiyar Malam Haruna ta Riko?"

"Ni ce, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ni ne Isuhu. Na sha wuya, ɗiyata, amma amana ta iso."

Ya zauna a kan saiwar itacen yana haki. Na ce ga ruwan sanyi, matafiyi ai an yi masa rangwame. Ya girgiza kai ya ce saura kaɗan a sha ruwa, ba zai ɓata azuminsa ba. Sannan ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya jawo wata igiya, ya ciro ta ta kansa. Laya ce sabuwa, jar fata, an yi mata ɗinki mai kyau.

"Ran da na taso mun iske hanya an datse," ya ce. "Ƙanƙarar ta narke tun ranar, na nema ban samu ba. Kuma 'yan duwan, kwastan ɗinmu, ba su ƙyale kula, kowace sai sun buɗe, su ce kaji ne anka ɓoye. Gabana sunka zubda ta wani a ƙasa. Na ce wanga abu da Ramatu ta ce ya fi zinariya, in sunka amshe shi mi zan ce ma Allah? Sai na fiddo 'yar kwalbar na koma Maraɗi wurin baduku, ya ɗunke mani ita cikin fata. Laya kau ba mai taɓa ta, ko jandarma. Tun ranar tana nan bisa ƙirjina. Zazzaɓi ya kada ni kwana da kwanaki, ban cire ta ba. Yau da na ji dama na biyo ta daji."

Ya ɗora mini ita a tafin hannu. Da ɗumi take, ɗumin jikin mutum, fatar ta jiƙe da gumi.

"Ramatu ba ta ce a bar ta cikin sanyi ba, Baba?" na tambaye shi.

"Ta ce. To na ce sanyi ai ba ya ƙarewa a duniya. In ta iso hannunki kya sanyaya ta. Ga shi kau kin taho da ƙanƙara." Ya nuna fulas ɗina yana murmushi da busassun leɓɓa. "Na yi daidai ko?"

Ni mutum ce mai saurin baki, kowa a gidanmu ya sani. Ina so in yi ihu in ce wannan ba fura ba ce da za a sanyaya ta dawo, in ce gara da ya jefar da ita a rijiya. Sai na dubi ƙafafunsa. Mutumin nan ya yi abin da kakanninsa suka koya masa a yi da abu mai daraja, ya sa shi inda sai an kashe shi za a ɗauka. Na haɗiye duk abin da ke bakina.

"Ka riƙe amana, Baba," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Na tura layar cikin fulas yadda take, da igiyarta da komai. Ya ƙi biyo ni Riko, ya ce yana da abokai cikin direbobin nan, da su zai sha ruwa. Na bar shi yana ba su labarin yadda ya wuce jandarmomi, suna dariya suna tafa masa.

Washegari na kama hanyar birni. Jami'a ta watse, ɗalibai duk sun tafi Salla, ba kowa a dogon ginin namu sai ni da ƙarar janareto. Na sa reza na farke ɗinkin baduku. 'Yar kwalbar na nan lafiya, ko tsagewa ba ta yi ba, ruwan ciki garau kamar ba abin da ya same shi. Abin haushin ke nan da antibodi, mai rai da matacce duk kamarsu ɗaya.

Na fara gwada ɗigo kaɗan a kan naman mai lafiya da muke da shi a ajiye. Layi ya fito, amma dishi-dishi, sai na karkata takardar wajen taga nake ganinsa. Wato bai mutu duka ba, bai kuma rayu ba. Da a ce ina da lokaci, da na jira wani ruwan. Amma janareto kwanakinsa ƙidayayyu ne, in firji ya mutu naman Ajuji zai lalace ko na taɓa shi ko ban taɓa ba. Na ciro shi. Ya ƙanƙance ya yi fari da sanyi. Na tuna cinyar da aka yanko shi, da yadda yaron ke riƙe ɗan yatsana in ana masa allura. Na yi bisimilla na niƙa shi gaba ɗaya, domin bai isa a raba ba.

Aikin kwana biyu ne. Na sha ruwa ni kaɗai a kan kujerar ɗakin bincike, dabino da ruwan leda, ina kallon injin da ke jijjiga takardar cikin ruwan a hankali. Rana ta biyu da hantsi na zuba ruwan ƙarshe mai fito da launi, na tsaya a kai. Gefen naman mai lafiya ya yi wata 'yar inuwa. Gefen Ajuji fari fat.

Abin da na yi zargi ke nan, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na yi murna. Na ɗauki hoto na aika wa malamina mai duba aikina. Ya kira ni nan take.

"Murja, ke ma kin sani. Ruwan da ya kasa nuna mai lafiya sosai, in bai nuna na yaron ba me ya faɗa? Ko furotin ne babu, ko ruwan ne ya gaza. Ki busar da takardar ki adana ta. Abin da ke jikin yaron yana nan manne a kanta. In Allah ya kawo wani ruwan mai rai, sai a sake gwadawa."

Na sani. Na busar da ita, na sa ta a leda tsakanin kwali biyu, na saka a jaka. A mota duk hanya ina gardama da kaina. Yaya ba ta san dishi-dishi ba, ba ta san ruwa ya gaza ba. In na nuna mata inuwar nan na ce ga layi, na nuna mata farin na ce ga babu, za ta yarda, kuma wataƙila ma gaskiya na faɗa. Amma su ma masu tururuwa haka suka yi, suka ga abin da suke son gani suka ce hujja ce.

Na isa Riko ranar jajiberen Salla, na tarar an yi ruwan farko da safe. Gari ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, mutane sun bar shirin Salla sun fantsama gonaki da iri a ƙorai. Baba ya dawo ke nan yana wanke ƙafa a tsakar gida. Yaya na zaune a kan tabarma tana tsefe kai. Na zauna kusa da ita na ciro kwalin.

Ta goge hannu a zane ta karɓi ledar da hannu biyu. Ta daɗe tana dubawa.

"Ina layin?"

Na nuna mata inuwar. Na gaya mata komai, da layar, da zafin, da abin da malamina ya ce. Na ce ina kyautata zaton ba nononta ba ne, har ga Allah haka na yi imani, amma takardar nan ba ta isa shaida ba.

"Wato ba ki gani ba."

"Ban gani ba, Yaya. Amma ba a gama ba. In aka sami wani ruwan za a sake gwadawa a kan wannan takardar. Shi ya sa nake lallaɓa ta, abin da aka ɗiba a jikinsa duk yana nan a kanta."

Hannunta ya tsaya cak.

"Yana nan? Bisa wagga?"

"Eh."

"Duka abin da anka yanka?"

"Abin da ya rage ke nan."

Ta sa ɗan yatsa ta shafa gefen farin ta kan leda, a hankali, daga sama zuwa ƙasa.

"Yaushe wani ruwan za ya zo?"

Na ce ban sani ba. Wataƙila in an buɗe boda, wataƙila baɗi.

"Yaro na can kwance tun kafin azumi," ta ce, "wani ɓarinsa na yawo cikin jaka, yau birni gobe tasha. Ni ban san haka abin yake ba, Murja. Na ɗauka duba shi za ki yi ki maido." Ta juya wajen Baba. "Baba, a kai mashi abinshi."

"Yaya, in aka binne ta shi ke nan fa. Ba za mu taɓa sani ba. Ba wani naman, ba wata takardar. Za su ci gaba da juya miki baya in suna ba 'ya'yansu nono."

"Su juya," ta ce. "Ni na iya ɗaukar wannan. Shi ne ba ya da bakin da za ya ce a maido mashi."

Na dubi Baba ko zai sa baki. Mutumin da ba ya rasa abin tsokana, ranar miƙewa kawai ya yi. Ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙyallen farin alawayyo, ragowar wanda aka yi wa yaron sutura da shi. Ya tsaya a gabana, bai karɓa daga hannun Yaya ba, ni yake jira.

Takardar nan ita ce karatuna, ita ce azumin da na yi a ƙarƙashin darbejiya, ita ce kaɗai hanyar da zan wanke yayata. Ban taɓa jin abu ya yi mini wuyar saki kamar ta ba. Na karɓe ta daga hannun Yaya, na zare ta daga leda da kaina, na ɗora a kan ƙyallen.

Baba ya naɗe ta sau uku kamar yadda ake yi, ya ɗauki fartanyarsa da ke jingine da ƙasar gona a bakinta, ya fita. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka muka tsaya a ƙofar zaure muna kallonsa yana bin hanyar da ta jiƙe, ƙunshin a tafin hannunsa, masu dawowa daga shuka suna gaishe shi yana amsawa da kai.

Da ya ɓace mana Yaya ta koma kan tabarma ta zauna. Rabin kanta a tsefe, rabi da tsohon kitso. Ta miƙo mini tsinken tsifa ba tare da ta waiwayo ba.

"Zo ki ƙarasa mani, Auta."